Baful ɗin Hagu

Zuwa ga Mushe, sabon malamin lakwal, makarantar boko ta can bayan Gidan Amumune.

Sallama da gaisuwa mai yawa daga Tasawa. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da masu masaukinka da yaran da gwamnati ta yi kasadar danƙa maka. Allah ya tsare ka daga ruwan rijiyar da cikinka bai saba da shi ba, da kunamar ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba, da ɗan kabu-kabu mai gudu cikin yashi. Innarka na gaishe ka. Ta ce in rubuta cewa lafiyarta lau. To na rubuta, amma tun da ka tafi miyarta ba gishiri.

Yau kwana goma sha ɗaya da tafiyarka. Ka kira innarka sau huɗu, ni ko sau ɗaya ba ka kira ni ba. Ba ƙorafi nake ba, don salular zamanin nan ma ba a jin komai cikinta, kamar mutum na magana daga cikin tulu. Amma dai na ƙirga. Ka fita gidan nan da safe ba ka sha furar da aka dama maka ba, ka durƙusa daga bakin ƙofa ka ce ka tafi, kamar mai sallamar maƙwabci. Kuma ka bar kayan sautin nan, ampili mai ƙara ƙarfin murya da baful biyun, wato lasifikan, da na yi maka alkawari tun ranar da sakamakon jarrabawarku ya fito. Ka ce wa innarka a bar mini kayana, kar ka ƙara lalata su. Ta faɗa mini. To ga su nan cikin kwali, na ba shofer ɗin da ke zuwa Mayahi ranar kasuwa, takardar nan tana sama. In za ka maido mini su, sai dai ka ɗauko da kanka, ka ajiye a gabana, mu kalli juna.

Ka san abin da ya haɗa mu. Ana gobe za ka tafi, innarka ta sa ka gyara wayoyin nan da take tuntuɓe da su in tana shara. Ka yanke, ka sake fere bakinsu, ka jera komai tsaf, ka mayar da kujerata tsakiyar ɗaki. Na dawo daga injin niƙa da gari har cikin gashin hancina, na kunna, na ji baful ɗin hagu ya mutu. Abokanka na fada, majalisarku ta samari, suna tsakar gida suna shayin ban kwana. Abin da na faɗa a gabansu, ni da kai mun sani, kuma zan dawo kansa. Amma tunda kayan sun zama naka, dole ka fara jin karatun waya daga bakin wanda ya faɗi kowace jarrabawarta. Ni a aji huɗu na bar lakwal, ko in ce lakwal ta bar ni, ranar da mushenmu, malamin ajinmu, ya gano wata uku ke nan ina kwafar lissafi daga allon wanda ya fi ni duhun kai. Don haka ka yi haƙuri da rubutun. In ka ga kuskure kar ka sa jan biro, ni ba ɗan ajinka ba ne.

Bari in fara da sayen wayar, don nan ne raina ya fi ɓaci. Babu inda ake raina wa mutum hankali kamar gaban teburin mai waya. Shekarar da na fara haɗa kayan sauti, kafin a haife ka, na shiga kasuwa da taƙama na ce a ba ni wadda ta fi kowace kauri. Mutumin ya ɗauko wata mai kaurin igiyar guga, robarta garai-garai, ana hango jan ƙarfe yana sheƙi daga ciki. Ya ce irinta ake sawa a manyan gidajen rediyo. Na saɓa ta a kafaɗa na ratsa unguwa ta hanyar da ta fi tsawo don kowa ya gani. Da na zo gida na yanka, abin da ke ciki bai kai gashin wutsiyar jaki uku ba. Duk kaurin nan roba ce. Robar mai haske kuma ƙara wa abu girma take a ido, kamar yatsa cikin kofin gilashi. Ban daddara ba, na koma na sayo wata. Ita wannan cikinta cike, ja jawur. Wata shida, bakinta ya fara karyewa yana zuba kamar dusa. Na kankare da wuƙa sai ga fari fat a ƙasa. Alminiyam ne irin na tukunya aka shafa wa jan launi, kamar tsohuwar akuyar da aka yi wa wanka za a kai kasuwa. Na koma wurin mutumin da ita a hannu, ya juya ta, ya ce ai ni ne ban iya riƙo ba. Ni, da nake kwance injin niƙa in ɗaure shi ba a samu ragowar ƙusa ko ɗaya ba. Har yau in na wuce teburinsa sai na yi tari.

Saboda haka kar ka taɓa sayen waya da kallon bayanta. Ka ce a yanko maka ɗan guntu, ka dubi bakin yankan, ka ga nawa ne ƙarfe nawa ne roba. Ka kankare sili biyu da wuƙa. In ciki da waje ja ne, jan ƙarfe ne na gaskiya. In kana da birike mai ƙyasta wuta a aljihu, ka kunna mata: ta gaskiya za ta yi ja ta tsaya a miƙe, ta ƙarya za ta lanƙwashe ta yi laushi kamar taliyar da ta wuce wuta. In mai waya ya ɓata rai don ka gwada, ka gode mashi ka wuce, ya riga ya ba ka amsa. Game da kauri kuwa, ɗakin malamin ƙauye ba zai wuce taku biyar ba, mai lamba ɗaya da rabi ta ishe ka. Ku masu faransanci kuna da yadda kuke murɗa baki ku faɗe ta. In wata rana za ka ja baful zuwa tsakar gida mai nisa, sai ka nemi biyu da rabi. Kuma na roƙe ka, kar in ji labarin ɗana ya fere wayar tsohuwar caja ya haɗa baful da ita. Siririyar waya cinye ƙarfin sauti take a hanya. Kamar ka ce za ka shayar da garken shanu ta bakin buta ne. Wadda ke cikin kwalin ni na gwada ta da wuƙa da wuta, mai kyau ce.

Sai fere baki. Ka san haƙorina na gaba da ya guntule, wanda nake ce muku a kokowa na samo shi ina saurayi? To ban taɓa shiga fili ba. Waya ce ta kayar da ni. Shekaru na yi ina fere ta da haƙori, ina tofar da roba kamar mai cin rake, har ranar da na ciji wata mai taurin kai ta tafi da rabin haƙorin. Daga nan na koma reza. Reza kuma ba ta san inda roba ta ƙare ƙarfe ya fara ba. Sai in danna, in ja, rabin silin ya biyo robar ya zube a tabarma, in bar wayar da ƴan gashi huɗu kamar gemuna, in ce ai za ta yi.

Amma babban abin kunyar ranar sunanka ya faru. An raɗa suna da safe, an yanka rago, mata sun cika gida da rana. Ni kuwa na yi sati ina shela cewa yau unguwa za ta ji abin da ba ta taɓa ji ba. Na fito da baful ƙarƙashin itacen bedi, na fere waya da gaggawa, na fere ta da tsawo har kusan rabin yatsa, ban murɗe silin ba, na cusa a bayan ampili yana kunne. Sili ɗaya tak, wanda ido ma da ƙyar yake gani, ya leƙo daga ramin ja na bayan ampili ya taɓa na baƙi. Na ji ɗan ƙara kamar an taka busasshen kara, sai hayaƙi. Wata gwaggonka ta ɗaga hanci ta ce wa ke babbakar kan rago tun yanzu. Ampilina na farko ke nan, wanda na yi damina biyu ina mafarkinsa. Matan suka kifa ƙwarya cikin ruwa suka yi kiɗansu har la'asar. Innarka tana ɗaki da kai a cinya, ta aiko a faɗa mini wai ita wannan kiɗan ya fi mata, don shi ba ya hayaƙi. Shekara ashirin da huɗu ke nan, ba ta bari na manta ba.

To ka ji. Kafin ka taɓa waya, ka kashe ampili, ka cire shi daga batir ko daga bango. Ka fere daidai faɗin farcen babban yatsa, kar ka ƙara. In ba ka da pans na fere waya, ka zagaya robar da reza a hankali kamar mai yi wa jariri aski, ka lanƙwasa ta tsage da kanta, sannan ka ja. In ka ga sili ya zube, kar ka ji ƙyashi, ka datse ka sake. Ka murɗe silin da yatsu har su zama abu guda, ka sa a ramin bayan ampili ko baful, ka tabbata robar ta kai bakin ramin ba tsiraicin ƙarfe a waje. Ka ɗan ja ka ji ta kama. Sannan ka sunkuya ka duba da idonka, a wurin haske, ko akwai wani munafukin sili da ya leƙo.

Ja da baƙi kuma, kar ka raina su. Na taɓa yin shekara guda cur ina sauraron kiɗa ba ciki. Ganga tana fita kamar ana dukan faranti, mai gurmi kamar yana jin yunwa. In ana ba da labarin kokowa a rediyo, muryar mai bayani ba ta tsayawa wuri ɗaya, sai ka rasa ta ina take fitowa. Na zagi baful, na zagi masu kaset, na ce makaɗan yanzu ba su ƙoshi ba. Rannan Illa mai gyaran rediyo ya kawo niƙan gero, na ja shi gida don ya taya ni zagi. Ya saurara kaɗan, ya zagaya baya, ya cire waya biyu na baful ɗaya ya musanya su. Sai ga ƙugi har ƙwaryar da ke kan randa tana rawa. Ashe baful ɗaya na haɗa shi daidai, ɗayan na juya. Wannan yana tura iska gaba, wancan yana ja baya, kamar shanun noma biyu da aka ɗaure ɗaya yana kallon gabas ɗaya yamma. Illa ya tambaye ni tun yaushe yake haka. Na ce tun jiya. Ya dubi tsatsar da ke bakin wayar, ya dube ni, ya kama hanyarsa. Na fi son da ya yi dariya.

Kowace waya ta baful tana da alama a gefe guda: ko zane, ko rubutu, ko ɗan tudu da yatsa ke ji. Ka zaɓi mai alamar ta zama ta ja, daga ampili har baful, hagu da dama, kar ka canza ra'ayi a tsakiya. Ni da idona ya fara gajiya ƙulli nake yi a bakin ta ja, kai da gindi. Na yi maka a wadda na aiko. In kuma ka rikice, ka cire wayar daga ampili, ka ɗauki ƙaramin pil, batir ɗin tocila, ka taɓa bakin biyu a kai da gindinsa ka kalli takardar baful. In ta turo waje, wadda ke kan pil ita ce ta ja. Taɓawa kawai, ba zama ba.

Tsawo ma na sha kashi a kansa. Ni mutum ne mai awo da ido, idona kuma maƙaryaci ne. Na yanke waya ta gaza da taƙi ɗaya, maimakon in haƙura sai na yi mata ƙari, na naɗe mahaɗin da baƙar leda don babu sikoc na naɗe waya a kusa. Daga nan na yi dabarar da nake ganin ba wanda ya taɓa yin irinta a Tasawa. Ana gab da damina za a yi wa ɗaki yaɓe, na ce wa magini ya bi ta kan wayar, a binne ta cikin bango, ɗaki ya yi tsaf kamar na ofis. Na yi wata biyu ina nuna wa baƙi, ina tambayarsu ko za su iya gano ta ina sauti ke bi. Ruwa ya sauka, bango ya sha, mahaɗin ledar nan ya yi kore, sauti ya fara zuwa yana ɗaukewa. Gara kuma ta samu hanya shimfiɗaɗɗiya ta bi robar ta yi gini. Da hannuna na fasa bangon, ina fasawa innarka na tsaye da tsintsiya tana tambaya ko ofis ɗin ne aka tashi.

Kai dai ka auna da igiya, ka bi duk lungun da wayar za ta bi, ka ƙara kamu ɗaya saboda ranar da za ka matsar da gado. Guda ɗaya ta tafi daga ampili har baful, ba ƙari. Ka rataye ta can sama a inda ido ke ganinta, nesa da ɓera da tsintsiya, kar ka bi da ita ƙarƙashin tabarma, kar ka ɗaure ta tare da wayar wuta. Bayan kowace damina ka duba bakin. In ya yi baƙi ko kore, datse ka fere sabo. Ragowar da ta saura kuma ka ɓoye, don in mata suka gan ta igiyar shanya ce.

To, Mushe. Yanzu sai maganar da nake ta zagayawa kamar jakin da ya ga rami.

Rannan na tsaya a ƙofar ɗaki na ce, gwamnati ta ɗauki ƴaƴan mutane ta ba ka ka koyar, ga waya biyu ta gagare ka. Na ce ka kashe mini baful a kwana ɗaya, abin da na yi shekaru ina lallaɓawa. Ka taso ka shiga ɗakin ka saurara, ka ce, “Baba, duka biyun suna yi.” Na ce wato ni ne maƙaryaci. Ka buɗe baki za ka yi magana, ka waiwaya ka dubi abokanka, ka rufe. Ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin na ci nasara, na ƙara da wasu maganganun da ba zan sa su a takarda ba.

Da ka tafi na ce bari in nuna wa gidan nan yadda ake aiki. Na cire wayarka duka. Ina cirewa ina neman laifi, kuma abin haushi ban samu ba. Faɗin farce daidai, a murɗe tsaf, ba sili ko ɗaya a waje, har da ƙulli a bakin ta ja. Ban san kana kallona ba duk shekarun nan. Na ce to wayar ce ta mutu daga ciki. Na je kasuwa na tayar wa mai waya da hankali, na gwada kayansa da wuƙa da wuta har mutane suka taru, na kawo sabuwa na haɗa. Hagu shiru. Na musanya wayoyin a bayan ampili, ta hagu ta koma dama. Hagu shiru. Na cicciɓi baful ɗin da kansu na musanya musu wuri, har bayana ya amsa. Hagu dai shiru. A nan ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi tunani. Ni sai na fara shirin zuwa in zagi Illa, wanda rabonsa da taɓa kayan nan ya fi shekara goma.

Ina zaune kan kujera ina huci, rediyo na yi, innarka ta leƙo daga bayana ta ce ga abinci. Na juyo da kujerar gaba ɗaya don in ce mata ba na ci. Na ba kayan baya ke nan sai mataccen baful ya tashi. Garau, har da ƙugi. Mai rai kuma ya mutu. Na sake juyawa, suka sake musanya. Na yi haka sau uku ina jan kujera kamar mai taɓin hankali, tana tsaye da kwano tana kallona. Sannan na toshe kunnen dama da yatsa, sai duniya ta koma can nesa, kamar ana biki a wata unguwa.

Ta ajiye kwanon ta ce, “Malam, shekara uku ke nan in zan yi maka magana sai na zagayo ta damarka. Ka zaci son yawo ne?”

Shekara ashirin da shida ina tsaye injin niƙa yana ruri a haguna, don da dama nake zuba hatsi. Majo na asibiti ya leƙa da ƴar fitilarsa, ya yi mini raɗa ta nan da ta can, ya ce ba datti ba ne, injin ne ya ci rabonsa, in riƙa toshe kunne a wurin aiki don in tsira da wanda ya rage. Maɓallin nan da ke raba sauti hagu da dama, ashe ni ne nake ta murɗa shi hagu kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, ina jan kujera kusa da baful ɗin, ina cewa tsufa ya kama shi. Tsufa ya kama wani, amma ba shi ba. Kai laifinka ɗaya: ka mayar da maɓalli tsakiya, ka mayar da kujera tsakiya, inda ya kamata su kasance.

Kar ka zaci na huce. Fushina ma yanzu ya samu wurin zama. Ashe gidan nan kaf an sani. Innarka ta sani, ƙannenka sun sani, har maƙwabcinmu da na yi wata biyar ina gaba da shi don ya daina gaishe ni, ashe bawan Allah kullum yana gaisuwa, ƙofarsa ce ke hagu in na fito. Kuma innarka ta ce kai ne ka fara ganewa, kai ne ka tara ƙannenka ka ce kowa ya riƙa bi ta dama, kuma kar wanda ya faɗa mini don raina zai ɓaci. Wannan wane irin ladabi ne? An mayar da ni kamar tsohon buhun da kowa ya san inda ya huje, ana ɗauka a hankali ana kauda ido. Da kun faɗa mini, da na yi masifa kwana biyu na gama. Ga shi kun bar ni na tsaya gaban samari ina zagin ɗana a kan baful mai lafiya. Kai kuma kana da kalma ɗaya a baki da za ta wanke ka, ka dubi abokanka ka haɗiye ta, ka gwammace su tafi da cewa ba ka iya haɗa waya ba da su tafi da cewa ubanka kurma ne. Na yi kwana uku ina neman yadda zan ji haushin wannan, ban samu ba.

Ga nasihar, kuma ita ce ta fi duk na baya tsada, don da kunne na saye ta. In sauti ya ɓace, ka musanya waya, ka musanya baful, amma kafin ka buɗe baki a kan wani ka juya kujerarka. Za ka samu yaro a bayan aji wanda kake kira ba ya amsawa. Kafin ka ce taurin kai ne ka ɗauki bulala, ka zagaya ta ɗaya gefen ka sake kiransa. Kuma in ka ga abu a jikin wanda kake ƙauna, ka nemi lokacin da ba kowa ka faɗa mashi. Zai yi faɗa. Ka bar shi ya yi.

Abin da aka faɗa gaban mutane ba a janye shi a cikin ambulan. Shekaranjiya da la'asar na wanke garin jikina na sa rigar Juma'a na tafi fadarku. Suka miƙe suna ba ni benci, duk sun tsargu. Na ce su zauna. Na ce maganar da suka ji na yi wa abokinsu ƙarya ce, wayarsa ta fi tawa kyau, kunnena ne ya mutu ba baful ba, kuma duk wanda ya kai waccan magana wani wuri ya bi ta da wannan. Dogon nan mai dafa shayi ya ce wani abu, ban ji ba, don ta hagu ya zauna. Na ce ya zagayo ya maimaita. Ya zagayo, ya durƙusa ya ce, “Baba, ai mun sani.” Har su. Na sha kofin farko mai ɗacin nan na taso, ban ma tsaya na biyu ba.

Salular ma ashe lafiyarta lau. Hannun dama kullum yana cikin gari, da hagu nake ɗauka.

To ga kaya nan. Ka haɗa su yadda ka haɗa rannan, ba abin da zan ƙara maka. Duk karatun da na cika takarda da shi ka riga ka iya, na rubuta ne don in samu hanyar isowa nan. Ka bar maɓallin a tsakiya. In an gama girbi zan hau motar Mayahi in zo in ga ɗakin, kuma ko ka ga ina karkata kai kar ka murɗa mini shi hagu. Ka dai ba ni kujera, ka zauna ta damata.

Allah ya tsare mini kai a inda ba idona, Babana, mai sunan mahaifina. Ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa yaran su ji maganarka, ya kare ka daga zazzaɓin damina da sharrin hanya, ya maido ka gida da ƙafafunka. Ya bar maka kunnuwanka biyu har tsufa, ya ba ka ɗan da zai yi maka irin shirun da ka yi mini.

In kwalin ya iso ka kira. Lambata, ba ta innarka ba. Zan goge hannu in ɗauka da dama.

Ni ne mahaifinka,
Idi mai injin niƙa, Tasawa.